Hayaƙin da Bai Fita Ba

Kwana biyu muna bin kogin Kokca,
yana faɗa a ƙarƙashinmu, fari fat da kumfa.
Jakin Nazarbek ya ƙi hawa gadar katako
sai da aka ɗaure masa ido da rawani.
Ni ma da an ɗaure min, da na fi haka ƙarfin hali.

A Sar-i-Sang hanya ta ƙare.
Abin da ya rage turbar awaki ce,
faɗin tafin hannu, tana hawa kamar tsani.
Numfashi ya yi tsada,
kowane taku sai na biya shi sau biyu.
Tsohon, mai shekara saba'in da haƙori huɗu,
yana gaba yana tsotsar zabibi,
ko waiwaye babu.

Bakin kogon bai fi ƙofar akurki ba.
Ya ce, "Sunkuya, Gulbegim,
dutse ba ya gaisawa da mai tsayin wuya."
Na sunkuya. Na rarrafa.
Sanyi ya kama ni ta gwiwa
kamar mai bin bashi.

Fitila ta lashi bango, ta ɗaga kai:
rufin baƙi ƙirin,
kunkunniya kan kunkunniya,
gindin tukunyar da ba a taɓa saukewa ba.
"Mutanen da," in ji shi, "ba su da ƙarfen da zai ci wannan.
Ƙirare suke ɗaukowa a baya tun daga kwari,
su hura wa bango wuta har ya yi fushi,
sannan su watsa masa ruwan ƙanƙara.
Dutse ya yi ƙara, ya tsage.
Hayaƙin fa? Ina zai bi?
Rabi ya hau sama, ga shi kina gani.
Rabi ya bi su gida a ƙirji."

Ya tofa yawu a bango,
ya murza da babban yatsa, a hankali,
yadda ake share wa yaro hawaye.
Sai ga shi.
Shuɗi.
Ba na baba ba, ba na tafki ba,
na sama ne bayan magariba,
har da ɗigon taurari masu ruwan zinariya,
an binne shi nan tun kafin a raɗa wa kowa suna.

Ance ya yi tafiya a bayan raƙuma,
ya zama ƙwayar idon gumaka,
ya zama zoben masu mulki,
ya zama tawada a littattafan da ba za mu gani ba.
Babana, Daulatsho, hunturu goma sha ɗaya ya yi a ramukan nan.
Ko tsakuwa bai kawo mana ba.
Tari ya kawo,
shi muka gada, shi ke tashin mu da asuba,
har ranar da gida ya yi tsit.

Nazarbek ya ce, "Ki tsaya," ya kashe fitila.

Ban taɓa sanin duhu yana da nauyi ba.
Wani wuri ruwa na ɗiga,
ɗaya,
sai ya yi dogon tunani,
ɗaya.
Na jira in ji guduma, ko muryar wani.
Ba kowa. Cikina ne kawai ya yi kuka,
tsohon ya tuntsire da dariya,
kogon ya karɓa ya raba wa sauran ramuka.

Da za mu fita ya miƙo min ɗan ɓalli,
girman ƙwayar wake.
Na ce ya bar shi inda ya same shi.
Na miƙa hannu sama, na dafa rufin.

A bakin kogi, da yamma, ya yi alwala.
Ni na zauna ina kallon tafina,
baƙi har cikin zanen.
Jakin ya matso ya shinshina,
ya yi atishawa.
Gobe akwai gada.